Kingston: Birnin da Ya Shigar da Wanzami Gidan Tarihi

 

Laccar yau ta shafi Kingston, babban birnin Jamaika, tsibirin da ke tekun Karebiyan, kudu da Kuba. Da an ambaci Jamaika, abu biyu ke faɗo wa yawancin mutane a rai: kiɗan rege da 'yan tsere irin su Usain Bolt. Amma birnin na da gidajen tarihi da na zane-zane da baƙo zai yi kwanaki yana zagayawa bai ƙure su ba. Abin da ya sa suka cancanci a zauna a kansu shi ne irin mutanen da aka ware wa ɗakuna a ciki. Akwai wanzami, akwai mai wa'azin unguwar talakawa, akwai ma'aikacin maɗaba'a, da kafinta, da yaron gidan haya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya gaji sarauta ko dukiya. Kowannensu sai da aka sami masu tsaya masa, suka ce aikin wannan ba zai salwanta ba, kafin ya sami wuri. Abin da kuwa bai sami mai tsaya masa ba, ko dai teku ya ci, ko kuma yana ajiye a Ingila.

Garin da teku ya haɗiye

Ziyarar takan fi armashi idan ta faro daga bayan gari. Wata siririyar ƙasa mai suna Palisadoes ta miƙe cikin ruwa ta yi wa tashar jiragen Kingston katanga. A kanta filin jirgin sama na Norman Manley yake, a can ƙarshenta kuma Port Royal, wanda yau ƙauyen masunta ne. Bayan Ingilishi sun ƙwace tsibirin daga hannun Sifaniyawa a 1655, nan ne ya zama matattarar 'yan fashin teku da fataken bayi, har ɗaya daga cikin manyan 'yan fashin, Henry Morgan, ya kai ga muƙamin mataimakin gwamna. Ranar 7 ga Yuni 1692 girgizar ƙasa ta auka wa garin. Da yake a kan yashi aka gina shi, kusan kashi biyu cikin uku ya zame cikin teku, mutum wajen 2,000 suka halaka nan take. Waɗanda suka tsira suka haye ɗaya gaɓar suka kafa sabon gari, shi ne Kingston. Sai a 1872 ya karɓi matsayin babban birni daga Spanish Town.

A sansanin soja na Fort Charles, wanda ya tsallake girgizar, igwogi na nan jere suna kallon ruwa, akwai kuma ɗan ɗakin da aka baje kayan da masu ninƙaya suka tsamo daga nutattun titunan: kwalabe, farantan dalma, lofen taba. Mafi shahara cikin abin da aka taɓa tsamowa daga wannan ruwa shi ne wani agogon aljihu da aka samu a 1959, wanda bincike ya nuna ya tsaya a ƙarfe 11:43. A bayan sansanin akwai ɗakin ajiyar harsasai da girgizar 1907 ta karkatar da shi ya nitse gefe guda cikin yashi. Duk wanda ya shiga sai jiri ya ɗebe shi.

Takardun masu gandu

Daga nan sai cikin gari, titin East Street, inda Cibiyar Jamaika take. Gwamna Anthony Musgrave ne ya kafa ta a 1879 don bunƙasa adabi da kimiyya da fasaha, kuma a ƙarƙashinta yawancin gidajen tarihin birnin suke. Kusa da ita akwai babban ɗakin karatu na ƙasa, wanda aka buɗe a 1979 a kan tarin littattafai da taswirori da tsofaffin jaridun da aka fara tarawa tun 1894.

A nan ne mai ziyara ke haɗuwa da nauyin abin da ya faru. 'Yan Afirka kusan miliyan guda aka sauke a Jamaika a zamanin cinikin bayi, mafi yawansu don noman rake. Amma a 1834, shekarar da dokar 'yanta bayi ta fara aiki, bayin da ke raye a tsibirin ba su wuce 311,000 da 'yan kai ba. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu ta isa ta nuna yadda gandun rake ke cin mutane. Cikin kayan da Cibiyar ke riƙe da su akwai mari da sarƙoƙi da ƙarafan yi wa mutum shaida a fata, da wani kejin ƙarfe mai siffar jikin mutum da ake rataye mai laifi a ciki. Tsofaffin jaridun kuma cike suke da cigiyar bayin da suka gudu. Da Birtaniya ta tashi kawo ƙarshen bautar, fam miliyan 20 ta ware ta biya diyya, kuma masu bayin ta biya. Bayin da kansu aka tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1 ga Agusta 1838.

Daga 1817 doka ta wajabta wa kowane mai gandu ya yi wa bayinsa rajista. Layi ɗaya ake ba mutum: sunan da ubangida ya laƙaba masa, launin fata, shekaru, da ko haifaffen Afirka ne ko na tsibirin. Ba sunan uba, ba sunan gari. Iyakar abin da takardun hukuma suka ga ya kamata a adana game da mutanen da jikokinsu su ne mafi yawan al'ummar Jamaika a yau ke nan.

Wani bawa guda a Kingston ya cike wa kansa wannan giɓi, kuma labarinsa ya taɓa ƙasar Hausa. Sunansa Abubakar Siddiƙu, Turawa na kiransa Edward Donlan. An haife shi a Timbuktu wajen 1790, ya tashi a Jenne, ya yi karatun Alƙur'ani a Buna, a arewacin Kwaddibuwa ta yau, inda yaƙi ya rutsa da shi aka kama shi aka gangara da shi bakin teku. Ya yi kusan shekara 30 cikin bauta. Ubangidansa na ƙarshe ya ba shi riƙon sito, shi kuwa yana rubuta lissafin kaya da haruffan Larabci. A 1834 wani alƙali ɗan Ailan, Richard Robert Madden, ya ga rubutun hannunsa, ya tsaya har aka 'yanta shi. Abubakar ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya jero iyaye da kakanni da malamai, ya ambaci Katsina da Barno a cikin asalin mahaifiyarsa, ya ce sunanta na yanka Hafsatu, amma da Hausa Nagode ake kiranta. Madden ya kai fassarar Landan ya buga a littafinsa na 1835. Shi kuma Abubakar ya bi ayarin wani Bature matafiyi, John Davidson, ya koma Afirka ta Maroko.

Katakon da jama'a suka saya

Tafiyar 'yan mintuna daga East Street, a bakin ruwa kan titin Ocean Boulevard, ga Gidan Zane-zane na Ƙasa. An kafa shi a 1974, ya dawo wannan gini a 1982, kuma shi ne mafi daɗewa da girma cikin irinsa a ƙasashen Karebiyan masu magana da Ingilishi. Nan ne zuciyar wannan ziyara.

Ɗakunan farko na tarihi ne. Akwai sassaƙen katako na mutanen Taino, waɗanda Kolombus ya tarar a tsibirin a 1494, kafin cuta da aikin tilas su kusan ƙarar da su. Daga su sai zanen Turawan da suka zo yawo a zamanin bauta. A hotunansu gandun rake wuri ne mai ni'ima: ga korama, ga inuwa, ga gidan maigida a kan tudu. Baƙin mutum kuwa ɗan ƙanƙani ne a can gefe, yana kora shanu ko yana ɗauke da kaya, fuskarsa ba ta ko fita. Masu gandun ne ke biyan kuɗin zanen, abin da suke son gani shi aka zana musu. Isaac Mendes Belisario, Bayahude haifaffen Kingston, ya ɗan bambanta. A zanen da ya buga a 1837 da 1838 ya kawo masu wasan Jonkonnu na lokacin Kirsimeti gaba-gaba, da rigunansu masu ado da makaɗansu.

Daga nan sai mutum ya shiga ɗakin Edna Manley, ya tarar da abin da ya sauya komai. An haife ta a Ingila a 1900, uwarta 'yar Jamaika ce, ta auri lauya Norman Manley ta zo tsibirin a 1922. A 1935 ta sassaƙa wani mutum-mutumi da katakon mahogani, ɗan'uwan maɗaci, ta sa masa suna Negro Aroused. Baƙin mutum ne daga ƙugu zuwa sama, ya dafa hannuwa ƙasa da ƙarfi, ya ɗaga kai yana duban sama, kafaɗunsa sun cika wurin. Wanda aka saba gani a gefen hoto yanzu shi kaɗai ne, kuma yunƙurin tashi yake yi. A 1937 jama'a suka yi karo-karo suka saye shi suka damƙa wa Cibiyar Jamaika, ya zama tubalin farko na tarin fasahar zamani ta ƙasar. Shekara guda bayan haka, a 1938, ma'aikatan gandun rake na Frome da 'yan dakon tashar Kingston suka yi bore. Daga wannan bore ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun da suka kai ƙasar ga 'yancin kai ranar 6 ga Agusta 1962 suka fito. Akwai babban kwafin mutum-mutumin na tagulla a bakin ruwa, kusa da inda 'yan dakon suka yi yajin aikin.

Waɗanda suka biyo baya suka cika bango da fuskokin mutanen gari. Albert Huie ya zana lokacin saran rake a 1955, da hayaƙin masana'anta da ma'aikata cike da fili. Barrington Watson, wanda ya yi karatu a Landan, ya zana uwa da ɗanta a 1958.

Sai kuma wanzamin. John Dunkley an haife shi a 1891, ya yi ci-rani a Panama da wasu ƙasashen yankin, ya dawo ya buɗe shagon aski a titin Princess Street. Bai taɓa shiga makarantar zane ba. Ya ƙawata shagonsa da zane, in babu mai aski sai ya ɗauki buroshi. Hotunansa duhu ne da su, ba a ce dare ba, ba a ce rana ba. Hanya takan shiga cikin gonar ayaba ta ɓace, ga kututturen da aka sare, ga ƙaguwa ko zomo ko gizo-gizo yana leƙe daga rami. Ya rasu a 1947, zanensa da aka sani bai fi 50 ba. A 2017 wani babban gidan zane a Miami ta Amurka ya shirya masa baje koli shi kaɗai.

Kusa da shi akwai Mallica Reynolds, wanda aka fi sani da Kapo, shugaban wata majami'ar Revival a yammacin Kingston, ɗariƙar da ta haɗa Kiristanci da ibadun da aka zo da su daga Afirka. Ya rayu daga 1911 zuwa 1989. Ya fara sassaƙa a zamanin da dokar hana tsafi ta Obeah ta 1898 ke sa a yi wa irin aikinsa kallon tsafi. Yau yana da ɗaki sukutum da sunansa.

Shigar waɗannan mutane ba ta zo a banza ba. A 1979 mai kula da gidan, David Boxer, ya shirya baje kolin da ya kira The Intuitive Eye, ya tattaro aikin masu zanen da ba su yi makaranta ba. A lokacin ana kiran irin wannan aiki da sunayen raini. Boxer ya ƙi sunayen, ya rataye aikinsu daidai da na masu digiri, ya ce baiwa ce ke jagorantar su. Har yau masana na gardama a kan ko wannan rabe-rabe ma ya dace. Amma sakamakon a fili yake: aikin da zai iya ruɓewa a bayan shago yanzu dukiyar ƙasa ce.

Gidajen da aka hana rushewa

Sauran wuraren ziyarar gidaje ne da mutane suka zauna ko suka yi aiki a ciki. A lamba 76 titin King Street akwai Liberty Hall, hedikwatar ƙungiyar Marcus Garvey a Kingston tun 1923. Garvey ma'aikacin maɗaba'a ne, haifaffen 1887, ya kafa ƙungiyar UNIA a wannan birni a 1914 don ɗaga darajar baƙar fata a duniya. A Amurka ya fitar da jaridar Negro World, wadda Turawan mulki suka hana shiga yankuna da dama na Afirka, ya kuma kafa kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line a 1919. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, amma baƙin tauraron da ke tutar Ghana daga gare shi Kwame Nkrumah ya aro. Ya rasu a Landan a 1940, aka dawo da gawarsa a 1964 aka ayyana shi gwarzon ƙasa na farko. Ginin ya fita daga hannun ƙungiyar, ya lalace, sai a 2003 aka sake buɗe shi da ɗakin nuni da ɗakin karatu na yaran unguwa.

A kan titin Hope Road akwai Devon House, katafaren gida mai bene da faffaɗar baranda. George Stiebel ne ya gina shi a 1881. Kafinta ne da ya sami arziki a haƙar zinariya a Venezuela, ana kuma ɗaukar sa a matsayin baƙar fata na farko da ya zama miloniya a Jamaika. A 1965 saura ƙiris a rushe gidan, gwamnati ta saye shi. Nan ne mazaunin farko na Gidan Zane-zane na Ƙasa. Yanzu iyalai kan cika harabarsa da yamma suna shan askirim.

Gaba kaɗan, a lamba 56, gidan Bob Marley ne, inda baƙi suka fi tururuwa. Amma wanda ke son fahimtar gidan sai ya fara da Trench Town, unguwar talakawa da ke yammacin birnin, inda aka mayar da wani gidan gwamnati na shekarun 1940 wurin ziyara. Ƙananan ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, madafa ɗaya, famfo ɗaya, kamar gidan haya a Fagge. Nan Marley ya koyi kiɗa, ragowar tsohuwar motarsa ƙirar Volkswagen ma na nan a tsakar gidan. Daga can ya hau zuwa Hope Road, unguwar masu hali, ya sayi gidan daga Chris Blackwell na kamfanin Island Records a 1975. Ranar 3 ga Disamba 1976, ana tsakiyar rikicin siyasa, 'yan bindiga suka kutsa suka harbe shi da matarsa Rita da manajansa. Duka suka rayu, bayan kwana biyu ya hau dandali ya yi wasan da ya yi alkawari. Mai rakiya kan nuna wa baƙi gurbin harsashi a bango, da ɗakin kwanansa, da faya-fayen yabo, da ɗakin da aka lulluɓe da yankakkun jaridu. Ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabwe a Afrilu 1980, ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36, Rita ta mayar da gidan wurin tarihi.

A barikin Up Park Camp kuma akwai gidan tarihin soja, mai ɗauke da labarin rundunar West India Regiment da Birtaniya ta kafa a 1795, ta cika ta da bayin da ta saya. Wannan runduna aka kai yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda ya ƙare da ƙone Kumasi. A wannan yaƙi akwai sojojin Hausa ƙarƙashin Kyaftin John Glover. Jikokin waɗanda aka sayar da 'yan'uwansu da suka rage a gida sun haɗu a fagen fama, duka suna yi wa Bature aiki.

Abin da ya tsallake teku

Akwai kayan Jamaika da mai ziyara ba zai gani a Kingston ba. Hans Sloane, likitan gwamna daga 1687 zuwa 1689, ya tattara tsirrai wajen 800 da wasu kayayyaki ya tafi da su, ya kuma auri matar da ta gaji gandayen rake a tsibirin. Tarinsa ne ya zama harsashin Gidan Tarihin Birtaniya a 1753. A wannan gida ne kuma wasu manyan sassaƙen Taino da aka samu a wani kogo a 1792 suke. A 2019 ministar al'adu Olivia Grange ta fito ta nemi a dawo da su, irin kiran da Najeriya ke yi a kan tagullar Benin da aka kwasa a 1897.

Rubuce-rubucen Musulmin da aka bautar ma sun bi wannan hanya. Abubakar Siddiƙu ya yi musayar wasiƙa da wani dattijo, Muhammadu Kaba, bawa a gandun Spice Grove da ke gundumar Manchester. Kaba ya rubuta littafi da Larabci a kan salla da sauran hukunce-hukuncen addini daga abin da ya haddace tun yana yaro a Afirka ta Yamma. Rubutun ya shiga hannun 'yan mishan, yana cikin takardunsu a Oxford, inda masana biyu, Yacine Daddi Addoun da Paul Lovejoy, suka yi nazarinsa suka fassara.

A nan ne ɗaliban Larabci da tarihi na Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram ke da rawar takawa. Mutanen da suka rubuta waɗannan takardu a makarantun allo da zaure irin na yankin nan suka yi karatu, littattafan fiƙihun Malikiyya suka haddace. Wanda ya tashi cikin wannan karatu zai gane daga wane littafi jimla ta fito, ya gane inda hadda ta kuɓuce wa dattijon da ya yi shekaru da dama ba littafi a hannunsa. Labarin Abubakar Siddiƙu ya kamata a mayar da shi Hausa, a karanta shi a makarantun Katsina, garin da ya ambata da kansa. Jami'ar West Indies da ke Mona, a gefen Kingston, tana da sashen tarihi da ya daɗe yana bincike a kan bauta, kuma da shi ya dace sassan tarihi da Larabci na jami'o'in yankin nan su fara tuntuɓa.